Ka kwaso bayanan gwamnati zuwa gida, ko ka je ka same su inda suke?

Wata ɗalibar digiri na biyu ta shigo ofishina da filash ɗaure a jikin makullan gidanta. Bincikenta a kan mata masu juna biyu ne: me ya sa wasu ke fara zuwa awo sannan su ɗauke ƙafa. Ta ce, "Malam, na huta da yawon raba takardun tambaya. Yayana ne ya ciro min komai daga wurin aikinsu." Muka buɗe fayil ɗin Excel. Ga sunan mace, ga sunan mijinta, ga lambar waya, unguwa, shekaru, ciki na nawa, ɓari nawa, har da sakamakon gwajin jini. Ina gangarawa sai idona ya faɗa kan wani suna da na sani, matar wani bawan Allah da muke sahu ɗaya a masallacin unguwarmu. Na rufe kwamfutar. Har yau in muka gaisa da mutumin nan nakan ji nauyi, domin na san abin da ba ni da hurumin sani game da iyalinsa.

Ɗalibar nan ba muguwa ba ce, yayanta ma taimako ya yi nufi. Abin da ya faru shi ne ba ta san akwai wasu ƙofofin ba, sai ta bi ta taga. Ɗalibai da malamai da ma'aikatan ƙungiyoyi masu bincike a nan Kano suna yawan tsayawa a wannan mararraba, saboda haka bari in jera hanyoyin da mai bincike zai iya bi, in faɗi abin da kowacce ke bayarwa da abin da take ci. Hanyar yaya a ofis ba ta cikin lissafi. Kwamitin ɗa'ar bincike ba zai amince da ita ba, mujallar kirki za ta tambaye ka lambar izini ka rasa, kuma ranar da abin ya fito, aikin yayan ne zai fara tafiya.

Kafin komai, ka zauna da tambayar bincikenka ka gano a wane mataki take rayuwa. Jihar Kano gaba ɗaya kake son magana a kai, ko shiyyar sanata, ko ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44, ko mazaɓa ɗaya cikin 484, ko kuwa mutum ɗaya kake son bi daga shekara zuwa shekara? Da yawa daga cikin masu zuwa wurina suna neman sunaye da lambobin waya, amma in muka tona tambayar sai mu ga a matakin jiha take. Wanda yake son sanin ko karatun uwa yana da alaƙa da kai yaro riga-kafi ba ya bukatar sunan kowa.

In tambayarka irin wannan ce, ga abinci nan an riga an dafa. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da binciken lafiya da yawan jama'a, wanda aka fi sani da NDHS, sau da dama. Na 2018 kaɗai ya tattauna da mata sama da 41,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana da binciken halin yara da mata, MICS, da take yi tare da UNICEF, na 2016 zuwa 2017 ma an faɗaɗa shi musamman a Kano da Legas har aka fitar wa kowacce rahotonta. Akwai binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 wanda ya nuna kashi 40.1 cikin 100 na 'yan ƙasa na cikin talauci, ban da Borno da ba a lissafa ba. Akwai kuma binciken da NBS ke yi da Bankin Duniya tun 2010, inda ake komawa gidaje kusan 5,000 lokaci bayan lokaci, taska ce ga mai nazarin noma da abincin iyali. Duk waɗannan an goge sunaye da adireshi daga cikinsu. Rajista kake yi a shafin masu su, ka rubuta ɗan bayanin abin da za ka yi, ka yi alkawarin ba za ka ba wani ba kuma ba za ka nemi gano kowa ba, sai a buɗe maka. Kuɗin data kawai za ka kashe. Kuma suna zuwa da takardun tambayar da aka yi amfani da su, da bayanin yadda aka zaɓi gidaje, abin da rajistar ofis ba ta taɓa ba ka.

Sai dai kowanne yana da iyakar da ya tsaya. Binciken gidaje 5,000 ɗin nan an tsara shi ne don ya wakilci ƙasa da shiyyoyi shida. In ka tsamo gidajen Kano kaɗai ka ce ga halin jihar, ka ɗora masa kayan da bai ɗauka ba. NDHS yana kaiwa matakin jiha. Binciken talauci mai fuskoki da yawa na 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133 abin ya shafa, ya sauko har shiyyar sanata. Babu ɗayansu da zai gaya maka bambancin Dala da Tarauni, balle na Kurna da Giginyu. Ko lambobin taswira da shirin DHS, shirin ƙasa da ƙasa da NDHS ke ƙarƙashinsa, ke bayarwa, in ka nemi izini na musamman, da gangan ake gusar da su: a birni har kilomita 2, a karkara har kilomita 5, wasu ƙalilan ma har 10. A ƙauyen da ke nesa da kowa wannan ba wani abu ba ne. A cikin ganuwar Kano kuwa, kilomita 2 ka tsallake unguwanni da dama, ka wuce asibiti biyu da makarantu ba adadi. Wanda ke auna nisan gida da asibiti a cikin birni da waɗannan lambobi, ruwa yake aunawa da rariya. Ƙidayar jama'a da za ta toshe wannan giɓi kuma rabonmu da ita tun 2006, lokacin da aka lissafa Kano da mutum miliyan 9.4; wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta.

Wani darasi kuma da muka koya da zafi: a farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta tsayar da kuɗin USAID, hukumarta ta agaji da ke ɗaukar nauyin shirin, shirin DHS ya tsaya cik na wani lokaci. In an ba ka izini, ka sauke abin da kake bukata da takardunsa a ranar, ka adana bisa sharaɗin da ka sa wa hannu.

Hanya ta biyu gajeriya ce. Wani lokacin jadawali kawai kake bukata: yara nawa aka yi wa rajista a firamare a kowace ƙaramar hukuma, haihuwa nawa aka karɓa a kowane wata. Wannan ka rubuta wa sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga na ma'aikatar, ko Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kano. In an yi shiru, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kan jihohi ma. Amma dokar da kanta ta keɓe bayanan sirrin mutum, don haka kada ka ɗauka da ita za ka karɓo rajistar marasa lafiya. Ni dai nakan ce a fara da wasiƙa ta ladabi da zuwa ƙafa da ƙafa; ambaton doka a takardar farko yakan sa a kai fayil ɗinka wurin lauyan ma'aikata, ya kwana biyu a can.

Zaɓin gaske yana zuwa ne lokacin da bincikenka ya ƙi tsayawa a nan. Kana son bin ɗalibi daga aji zuwa aji don gane inda 'yan mata ke zubewa. Kana son haɗa rajistar masu karɓar tallafi da mazaɓunsu. Kana son sanin wace mai ciki ce ta zo awo na farko ba ta dawo ba. Irin wannan sai rajistar gwamnati, layi ɗaya mutum ɗaya. A nan abu biyu ne a gabanka: ko a ba ka kwafi ka tafi da shi bisa yarjejeniya, ko bayanan su zauna inda suke kai ka je ka yi aiki a gabansu.

Kwafi yana da daɗi, ban musa ba. Kana aiki da tsakar dare in wuta ta zo, kana gwada wannan lissafi ka sake wancan, sufabaiza ya ce a canza abu ka canza a ranar. Ga mai iyali, ko malamar da ke koyarwa da safe, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuma ana iya yin sa bisa ƙa'ida: izinin kwamitin ɗa'a, na jami'arka ko na Ma'aikatar Lafiya ta jiha ko na asibitin koyarwa in harkar lafiya ce, takardar yarjejeniya da ta fayyace wa zai taɓa fayil ɗin, don me, zuwa yaushe, da ranar da za a goge, sannan ofishin ya cire sunaye da lambobin waya da NIN kafin ya miƙa maka, ya sa lambar da shi kaɗai ya san ta wace ce.

Matsalar ita ce cire suna ba ya ɓoye mutum. A Amurka, wata mai bincike, Latanya Sweeney, ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya ta unguwa sun isa a ware kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen ƙasar ɗaya bayan ɗaya. A 1997 ta ma zaƙulo bayanan asibiti na gwamnan Massachusetts, William Weld, daga fayil ɗin da aka ce an goge sunaye. Mu a nan ba ma sai an je da nisa ba. Ka ce mace 'yar shekara 19, a mazaɓa kaza, matar mahauci ta uku, ta haifi tagwaye da azumi. Ko yaron da ke sayar da ruwa a layin zai nuna maka gidan. Garinmu gari ne na sanayya. Mai unguwa ya san kowa, ungozoma ta san kowane ɗaki. Abin da ke sa zaman Kano daɗi shi ne ke sa fayil marar suna ya zama mai suna a hannun ɗan gari.

Sannan ka duba rayuwar kwamfutar ɗalibi da idon gaskiya. Ƙaninsa na kallon fim a kanta. In ta lalace a kai ta wurin mai gyara ta kwana uku. In za a buga babi na huɗu, a kai filash shagon buga takardu, a kwafe fayil a kan tasu kwamfutar, a manta da shi a can. Na taɓa zuwa buga wata takarda na tarar da fuskar kwamfutar shagon cike da fayilolin ɗalibai, kowa da nasa, ba mai gogewa. Ga tura abu ta WhatsApp don a taimaka da lissafi, ga masu ƙwacen waya da jaka a Adaidaita Sahu. Kowane ɗayan waɗannan ƙofa ce, kuma kai ne mai gadin dukkansu. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya, addini, ƙabila da ra'ayin siyasa cikin masu tsananin sirri. Ta wajabta a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 in aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da mutane. Tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta kuma sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasar waje, abin da mai abokin bincike a Ingila ko Jamus ya kamata ya sani kafin ya danna tura imel. Daraktan da ya karanta dokar nan yana da dalilin ƙin ba ka kwafi, ba rowa ba ce.

Ɗaya hanyar, ta zuwa a yi aiki inda bayanan suke, ita ce wadda ƙasashen da suka daɗe a harkar suka koma wa. A Amurka akwai ɗakunan bincike na musamman da Hukumar Ƙidayarsu ke kula da su, galibi a cikin jami'o'i. Mai bincike sai an tantance shi ya yi rantsuwar riƙe sirri ta har abada, in ya saɓa kuma hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara 5 ko tarar dala 250,000. A Afirka ta Kudu, cibiyar DataFirst ta Jami'ar Cape Town tana da irin wannan ɗaki. A Ingila, wani masani, Felix Ritchie, ya tsara wa hukumar ƙididdigarsu wani ma'auni wajen 2003 wanda yanzu ya bazu duniya, tambayoyi biyar ne: aikin halal ne kuma mai amfani ga jama'a? Mutumin amintacce ne, an horar da shi? Wurin aikin a tsare yake? An rage abin da ke fallasa mutum a cikin bayanan? Abin da zai fita da shi an duba? Hikimar ita ce in ka ƙara ƙarfin ɗaya, kana iya sassauta wani. Fayil ɗin da kowa ke saukewa a intanet dole a tace shi sosai, domin ba a san hannun da zai faɗa ba. Wanda ba zai bar ɗaki ba kuwa ana iya barin mazaɓa da ranar haihuwa a cikinsa. Wato wanda ya yarda ya je ya zauna, shi ne ke ganin bayanai mafi zurfi.

Ba sai mun jira an gina mana irin waɗannan ɗakuna ba. Tebur ɗaya a ofishin ƙididdiga na ma'aikata, da kwamfutar ofis wadda ba ta haɗe da intanet, da littafin sa hannu na shiga da fita, da jami'i guda da zai duba jadawalinka kafin ka fita da shi, sun ɗauke mafi yawan haɗarin. Wayarka tana cikin jaka, jakar tana wurin sakatare. Ƙa'idar dubawa ma mai sauƙi ce, irin wadda ake amfani da ita a wurare da yawa: duk gidan jadawali da mutanen cikinsa ba su kai 10 ba, a haɗe shi da na kusa ko a ɓoye shi. Kai ne za ka kawo wannan tsari a cikin wasiƙarka. Na ga yadda fuskar jami'i ke sakewa in aka ce masa, "Ranka ya daɗe, ba kwafi nake nema ba, kujera nake nema." Tsoron da yake ji na ganin rajistarsa tana yawo a gari ka cire masa shi tun kafin ya furta.

Kuɗinta kuwa lokaci ne da zirga-zirga. Kana aiki ne a lokacin ofis kawai, Juma'a rabin yini ce, ranar taro ko ranar da mai makulli ya yi tafiya ka yi asarar kuɗin mota. Wataƙila kwamfutar ba ta da manhajar lissafi irin su Stata ko SPSS, sai ka nemi izinin saka R, wadda kyauta ce. In sufabaiza ko mai duba maƙala ya ce a ƙara lissafi bayan wata shida, sai ka koma, don haka ka sa a yarjejeniya cewa ƙofar za ta zauna a buɗe har a kare kundi. Wanda ke zaune a Rano ko Gwarzo abin ya fi masa tsada a kan na Gwale. Dabarar da ke rage wahalar ita ce ka nemi jerin sunayen ginshiƙan fayil ɗin tukuna, ka ƙirƙiri layukan gwaji na ƙarya, ka rubuta umarnin lissafinka a gida ka gwada shi har ya daina tuntuɓe. Ranar da ka je ofis, gudanarwa kawai za ka yi. Wasu cibiyoyi, irin su LIS ta Luxembourg, a kan haka ma suka gina tsarinsu: ka aika umarni, na'urarsu ta gudanar, sakamako ya dawo maka, ba ka taɓa riƙe fayil ɗin ba. In ofishin yana da jami'in da ya iya lissafi, ana iya yin makamancin wannan a nan.

Akwai wata riba da ba a faɗa. Mai zama a ofis yana kusa da wanda ya cika rajistar. Shi zai gaya maka cewa watan da ka ga sifili ba wai ba a haihu ba ne, littafin ne ya ƙare. Cewa yawan "30" da "35" a layin shekaru kintace ne. Cewa an canza fom a tsakiyar shekara. Mai kwafi a gida yakan ɗauki waɗannan a matsayin sakamako ya rubuta musu shafi uku. Kuma ko ta wace hanya ka samu rajista, ka tuna wanda ya zo kaɗai take gani. NDHS na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti a faɗin ƙasa, a Arewa maso Yamma ko kashi 20 bai kai ba. Rajistar ɗakin haihuwa ba ta san sauran matan ba. Shi ya sa bincike mai ƙarfi yakan ɗauki faɗi daga binciken gidaje, ya ɗauki zurfi daga rajista.

To wa ya dace da wacce? In bayanan na makarantu ne ko asibitoci a matsayin gine-gine, yawan azuzuwa, yawan gadaje, yawan malamai, karɓi kwafi da yarjejeniya, ka kulle fayil da kalmar sirri mai ƙarfi, ka ci gaba. In layukan na mutane ne amma an dunƙule shekaru zuwa rukuni, an tsaya a ƙaramar hukuma, kuma babu cuta ko laifi ko bashi a ciki, kwafi na iya yiwuwa in kana da kwamfutar da kai kaɗai ke taɓawa. Amma da zarar mazaɓa ko ranar haihuwa ta haɗu da lafiya, ko shari'a, ko sunan mai karɓar tallafi, ko yara, ni ba na ba kowa shawarar kwafi, ko da an yi masa tayi. Ka je ka zauna.

Nakan tsananta a kan wannan saboda garin da muke ciki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, waɗanda kimanin rabinsu aka ba maganin, a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye, sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Da aka dakatar da riga-kafin shan-inna a 2003, wannan tabo na cikin abin da mutane ke ambato. Duk mai ɗauke da takardar tambaya a lungunan Kano yana biyan wannan bashi har yau a bakin ƙofa. Matar da ta gaya wa ma'aikaciyar awo ɓari nawa ta yi, amana ta ba ta don a duba lafiyarta. In labarin ya dawo mata ta bakin kishiya ko maƙwabciya, ba za ta sake faɗin gaskiya ba, ƙila ma ba za ta sake zuwa awo ba, kuma ba za ta bambance ɗalibi da asibiti da gwamnati ba.

Ɗalibar tawa mun goge filash ɗin a gabanta a ranar, ta kira yayanta ya goge wanda ya tura mata. Ta yi babin farko na sakamakonta da NDHS, ta nemi izinin kwamitin ɗa'a, ta rubuta wasiƙar neman kujera. An ba ta wani lungu kusa da kabad ɗin fayiloli, ta yi 'yan makonni tana zuwa bayan ta kai yara makaranta. A nan ne wata tsohuwar ma'aikaciya ta nuna mata cewa da yawa daga cikin matan da ta lissafa a matsayin waɗanda suka daina awo, goyon ciki suka tafi gidan iyayensu, suka ci gaba da awon a wani asibitin da sabon kati. Sai da ta sake rubuta tambayar binciken tun daga tushe.